Komin bulo a bayan gida: me ya sa ba a jingina shi da bango?

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Kano: "Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan fili a bayan gidana, faɗinsa ƙafa 12, tsawonsa kamar ƙafa 30, tsakanin bangon ɗakuna da katangar maƙwabci. Bara da damina na shuka tumatir da alayyahu a ƙasa, ruwa ya kwanta, tumatirin ya yi yaushi ya mutu gaba ɗaya. Yanzu so nake in gina wurin shuka da bulo mai ɗan tudu, in jingina shi da bangon ɗaki don in rage kuɗin bulo, in kuma yi rumfa a kai. Kuɗin da birkila ya yanka mini ya yi yawa. Shin zan iya yi da kaina? Kuma me zan zuba a ciki?"

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka, abu uku ke damunka: ruwan da ke kwanciya, ginin da kake son yi da hannunka, da abin da ya kashe maka tumatir. Amsar ko za ka iya, e ce, za ka iya. Jeren bulo layi biyu ba aikin da ya fi ƙarfin mai lafiya ba ne, ko da bai taɓa riƙe cokalin magini ba, in dai yana da haƙuri da igiya da tef. Sai dai a cikin maganarka akwai jimla ɗaya da ta sa na gyara zama, wato batun jingina ƙasa da bangon ɗaki. Wannan kam ka cire shi daga ranka tun yau, kuma a nan zan fi daɗewa.

Bulon da ake bugawa a garuruwanmu siminti ne da yashi, kuma yana shan ruwa kamar soso, balle wanda aka ƙwari siminti wajen buga shi. Magini mai lura yakan zuba kankare ko ya shimfiɗa leda a kan fandisho, abin da ake kira dipisi, don damshin ƙasa kada ya hau bango. To da zarar ka tara ƙasa mai tsayin ƙafa ɗaya da rabi a jikin bango, ka tsallake wannan kariyar ke nan, ka gina wa damshi tsani. Ƙari a kan haka, ƙasar lambu ba ta bushewa, domin kullum safe da yamma kai da kanka za ka riƙa zuba mata ruwa, har da rani lokacin da bango ya kamata ya huta ya sha iska. Ruwan yana shiga bulo ɗauke da gishirin ƙasa da na taki, ya ɓulla ta cikin ɗaki, ya bushe, ya bar gishirin. Shi ne farin abin nan da muke cewa bango ya yi kanwa. Fenti ya kumbura, filasta ta riƙa zuba kamar gari, ɗaki ya kama warin damshi, gara kuma ta sami hanya a ɓoye har zuwa katakon rufi ba tare da kowa ya ga ginarta ba.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Shekarun baya ni ma na yi wannan dabarar ta rage bulo a gidana, a bayan ɗakin da maiɗakina ke ajiye kaya. Bulo goma sha wani abu na tsira da shi. Damina biyu ba ta cika ba sai da muka fasa filastar wannan bangon daga ƙasa zuwa ƙugu, muka sake, bayan akwatin tufafi ya yi fumfuna. Har yau in ana hira aka zo kan lambu sai an tuna mini. Araha ba ta ado.

Katangar maƙwabci ma haka take, ko ta fi. Katanga galibi bulo ne mai inci shida, fandishonta ba zurfi, kuma ba a gina ta don ta tare nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga gefe ɗaya ba. Ta karkata ko ta tsage, ga asara ga ɓacin zumunci. Ka bar tazarar aƙalla ƙafa 2 daga katanga, ƙafa 3 daga bangon ɗaki. Wannan tazarar ba asarar fili ba ce, ita ce hanyar da za ka bi da baro da bokiti, ita ce kuma hanyar ruwan sama.

Ruwa kafin bulo

Masu lambu na fadama da bakin madatsun ruwa, irin na Kadawa da Kura, komi suke yi mai zurfi, wanda wasu ke kira fangali, su ɗaga masa gefe don ya riƙe ruwa, saboda da rani suke aiki kuma ruwan tsada gare shi. Manomin damina kuwa kunya yake tayarwa don saiwa ta tsere wa ruwa. Kai da kake son shuka a duk shekara, a filin da ruwa ke kwanciya, tunaninka na komi mai tudu daidai ne. Amma tudun yana ceton shuka ne kawai, ba ya korar ruwan daga filin. Hasali ma, in ka gina komi biyu a wurin, ka rage wa ruwa inda zai bazu, zai taru a ragowar wurin da ya rage, wato jikin bangonka.

Saboda haka ka fara gano daga ina ruwan yake zuwa da kuma inda ya kamata ya fita. A yawancin gidajen da na duba, ba ruwan da ya sauka a filin ne matsalar ba, na rufin kwano ne da ke zubowa ta bayan gida. Lissafin mai sauƙi ne: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. In ɓangaren rufin da ke zuba a bayanka ya kai murabba'in mita 50, aka yi ruwa na milimita 20, wanda ba wani abin mamaki ba ne a watan Agusta, lita 1,000 ke nan ta sauka a ɗan lungun nan cikin awa ɗaya ko biyu. Jarka 40 ta mai ga-ruwa. Wane tumatir zai jure wannan? Ka sa wa bakin kwanon mazurari, ka kai ruwan cikin tanki ko duro, rarar kuma ka ja ta da bututu ko 'yar kwata zuwa lambatun waje. Ka duba ramin da aka bari a ƙasan katanga don fitar ruwa, sau da yawa za ka tarar leda da yashi sun toshe shi, ko kuma an cike titi har ya fi gidan tudu. In na biyun ne, magana ta canza, zan dawo kanta.

Sai kuma ƙasar kanta. Ka haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa. In ruwa na biyu ya tafi cikin 'yan awoyi, ƙasarka lafiya lau. In ka wayi gari ka tarar da shi, akwai laka ko marmara a ƙasa, ko kuma ɓaraguzan gini da busasshen kwaɓin siminti da magina suka bari aka rufe da ƙasa. Bayan gida dai shi ne jujin magina, kowa ya sani. Inda komin zai zauna ka sa diga ka farfasa zurfin ƙafa ɗaya, ka tsince duwatsu da fasassun bulo. Kada ka daɓe ƙasan komin da siminti. Na sha ganin masu yin haka wai don tsafta, sai su wayi gari sun gina kwatarniya, ruwa ya shiga ba mafita.

In akwai sokawe ko masai a lungun, kada ka yi komi a kansa ko dab da shi. Murfinsa ba don ɗaukar nauyin ƙasa aka zuba shi ba, kuma ganyen da za a ci ɗanye, irin su latas da lansir, ba su da haɗi da wannan wurin.

Akwai abu ɗaya da ba ka tambaya ba, amma shi ne ke yanke inda komin zai zauna, wato rana. Tumatir, tattasai, attaruhu da kuɓewa suna son rana ta kusan awa shida a yini. Mutane kan auna wuri da damina su ga rana tar, su manta cewa da hunturu rana takan karkata kudu. A Kano, cikin watan Disamba, katanga mai tsayin ƙafa 8 da ke kudu da kai tana jefa inuwar da ta kusa ƙafa 6 da tsakar rana, alhali a watan Yuni da ƙyar za ka ga inuwa a wannan gefen. Filinka faɗinsa ƙafa 12 ne kacal, ka ga rabinsa zai iya zama cikin inuwa a daidai lokacin da lambu ya fi albarka. Ka tsaya ka fuskanci gabas, kudu na hannunka na dama. In dogon bangon yana kudu, ka matsar da komin arewa gwargwadon yadda tazarar da na faɗa ta bari, ka bar wa gefen inuwa na'a-na'a da latas, su ba su damu ba.

Ginin kansa

Shawarata ka fara da komi ɗaya. Bulonmu tsawonsa inci 18 ne, tsayinsa inci 9. In ka yi komi mai tsawon ƙafa 9 da faɗin ƙafa 4 da rabi daga waje, da bulo mai inci shida, cikinsa zai zama kamar ƙafa 8 da ƙafa 3 da rabi. Dalilin wannan faɗin shi ne hannunka ya kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da ka taka ƙasar ba, domin takawa ke danƙare ta. Kowane layi zai ci bulo 17 ko kusa da haka, layi biyu 34, ka sayi 40 saboda fashewa da yanka. Tsayin inci 18 ya wadaci duk kayan miya. Ba ka bukatar mai inci tara, ɓarnar kuɗi ce. Wajen saye kuwa ka karce bulon da ƙusa, in yana zubar da yashi kamar dakakken gero ka wuce gaba, don wannan damina ɗaya zai narke.

Ka kafa turaku huɗu ka ja igiya. Don kusurwa ta miƙe, auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, tsakanin alamomin biyu ya ba ka ƙafa 5 cif. Ko kuma ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarorin biyu, in tsawon ya zo ɗaya ka dace. Ka haƙa ɗan rami a bin igiyar, zurfin inci 4 zuwa 6, faɗin shebur, ka daddaɓe, ka zuba kankare mai kaurin inci 2 ko 3. In ba ka da abin awon daidaito na magina, siririn tiyo mai garai-garai da ruwa a ciki ya ishe ka: ruwan da ke bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa.

Kwaɓin jeri, kwano ɗaya na siminti, kwano shida na yashi mai kaifi. Buhun siminti mai kilo 50 kwano biyu ne na magina, kuma buhu ɗaya zai jera maka waɗannan bulo har ya yi saura, na biyun na kankaren ƙasa ne. Kada ka kwaɓa da yawa lokaci guda, sabon hannu a hankali yake tafiya, siminti kuma ba ya jira. Ka yayyafa wa bulon ruwa kafin ka ɗora, in ba haka ba zai tsotse ruwan kwaɓin ya bar shi ba ƙarfi. Ka fara da kusurwoyi, ka ja igiya a tsakaninsu, ka cike. Layi na biyu ya hau kan mahaɗar na farko, kada mahaɗa ta hau kan mahaɗa. Abin da birkila ba zai yi maka ba sai ka ce masa, saboda shi ɗaki ya saba ginawa, shi ne barin ƙofar ruwa: a layin ƙasa, bayan kowane bulo biyu, ka bar mahaɗa ɗaya ba kwaɓi, faɗin yatsa. Nan rarar ruwa za ta riƙa tsiyaya. Bayan ka gama ka yi ta yayyafa wa ginin ruwa safe da yamma kwana biyar zuwa bakwai kafin ka zuba ƙasa. Filasta ba dole ba ce. Ka sa safar hannu, siminti na cin fata, kuma ka kiyaye idonka.

In gidan haya ne, ko kana shakkar wurin, kada ma ka sayi siminti. Ka daidaita ƙasa, ka jera bulon haka nan layi biyu, ka cika ramukansa da ƙasa ka danna. Ba ya da kyan gani kamar na siminti, kuma yakan ɗan gota bayan damina, amma ranar da ka gane ka yi kuskuren wuri sai ka kwashe kayanka ka matsa. Ni da kaina yanzu haka nake fara wa mutane, shekara ta zagayo sannan a sa siminti. Ramukan bulon ma wurin shuka ne, albasa mai lawashi na jin daɗinsu.

Abin da za ka zuba a ciki

Komi mai wannan girma zai ci baro 17 ko 18. Wannan ne aikin da zai gajiyar da kai, ba jeren bulon ba, kuma in akwai inda ya kamata ka biya yaro ya taimaka, to nan ne. Kashi biyu ƙasar saman gona, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. In ƙasar da ka samu mai laka ce, wadda in ka dunƙula ta da damshi take zama kamar ta ginin tukunya, ka ƙara yashin rafi da ɓuntun shinkafa da aka babbaka sama-sama. In jigawa ce mai sakin ruwa, ka ƙara taki. Ka kula da masu tifa, in ka ce ƙasa kawai, jar ƙasar ciko za su kawo maka, wadda ba ta fid da komai.

Kalmar da ta fi muhimmanci a nan ita ce ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, ɗanyen na shanu da na awaki yana zuwa da irin ciyawa da gwazarma, yana kuma kiran gara. Ka tara shi gefe, ka jiƙa, ka rufe da tsohon buhu, ka riƙa juyawa duk bayan mako biyu, wata biyu zuwa uku. In ya yi baƙi, ya daina zafi da wari, ya nuna. Ƙasar bola da ake tallatawa tana da ƙarfi, manoman kewayen Kano sun daɗe suna kai sharar birni gonakinsu, amma bolar yau ba ta da ba ce. Akwai leda, kwalba, allura da mataccen batir a ciki. Don abin da 'ya'yanka za su ci, ni ba na ba da shawararta.

Takin zamani, irin NPK 15-15-15, ɗan kaɗan ne, cikin murfin kwalba ga kowane tushe, nesa da karan da faɗin tafin hannu, mako biyu bayan dashe. Yuriya in ta yi yawa tumatir zai yi ganye kamar daji ba 'ya'ya.

Ruwan ban-shuka kuwa, komi irin wannan zai sha kamar lita 15 zuwa 20 a rana da hunturu, ya kai jarka guda mai lita 25 da bazara, saboda komi mai tudu ya fi na ƙasa saurin bushewa. Ka yi wannan lissafin da kuɗin ruwan unguwarku kafin ka yi sha'awar komi huɗu. Rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko harawa yana rage shan ruwan sosai. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da kayan miya duk suna da amfani, banda na wanki mai omo da bilic.

Tumatirin bara

Ruwan da ya kwanta ya isa ya kashe shi, domin saiwa ma numfashi take yi, in ta kwana biyu a nutse sai ta ruɓe, ganye ya yi yaushi alhali yana tsaye cikin ruwa. Amma ko ba kwanciyar ruwa, damina ba lokacin tumatir ba ce a wurinmu. Damshi da ɗumi suna kawo cututtukan ganye da na saiwa, shi ya sa manoman Kadawa ke yin nasu da sanyi, shi ya sa kuma yake tsada da damina. Bazara ma ba ta yi masa, in zafi ya tsananta fure yake zubarwa. Ka yi renon iri a watan Oktoba, bayan mako uku zuwa huɗu ka dasa da yamma, tazarar inci 18, layi biyu, tushe 10 ke nan ko 12. Irin UC82B da Roma VF an san su a shagunan kayan gona. Da damina ka ba komin abin da ke son ruwa da zafi: kuɓewa, alayyahu, rama, yakuwa, lalo. Alayyahu cikin mako huɗu ka fara yanka, kuma shi ne ke sa mutanen gida su yarda cewa wahalar ba ta banza ba ce. Kada ka maimaita tumatir, tattasai, attaruhu da yalo a ƙasa ɗaya a jere, dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya.

Ka riƙa duba ƙarƙashin ganye. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatir ɓarna mai yawa a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a 2016, cikin ganye take shiga ta bar farin tabo. A ɗan komi, tsinke ganyen da ya kamu da ƙona shi ya fi komai. 'Ya'yan darbejiya da aka daka, kimanin giram 50 a litar ruwa, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma, suna rage ƙananan ƙwari. Amma manyan maƙiyan lambun gida ƙadangare ne da kaji, kuma tsohon gidan sauro ko ragar waya ce maganinsu har shukar ta yi ƙwari.

Rumfa kuwa ba na ganin kana bukatarta yanzu, kuma ta kwano a kan shuka kuskure ce, ta hana rana ta hana ruwa ta ƙara zafi. Daga Maris zuwa Mayu ne kawai inuwa ke da amfani, kuma koren raga ko zana mai shara-shara a kan sanduna huɗu ta wadatar, damina ta zo ka naɗe. In ta zama ce kake so a gefe, ka yi ƙafafunta da bututun ƙarfe mai inci 2 saboda gara, rami ƙafa 2 da kankare, ka ɗaure rufin da kyau, don iskar farkon damina da ke tasowa daga gabas ba ta raga wa rumfar da aka ɗora kawai.

Duk wannan daga bayaninka na gina shi, ban taka filin ba. Abu biyu ne in ka gan su to aikin ya wuce na yi-da-kanka. In bangon ɗakin ya riga ya tsage, musamman tsagar da ke hawa a karkace kamar matakala ko wadda ke ƙara buɗewa, ka kira injiniyan gini ya duba kafin ka ƙara ko bokiti ɗaya na ruwa a wurin. In kuma titi ya fi gidan tudu har ruwa ba shi da mafita, wannan aikin ciko ne da magudana, yana son awo da ƙwararren magini, wani lokaci ma da shawara da maƙwabta tunda ruwan ta wajensu zai bi. Maganin feshi na kanti ma ka bar wa malamin gona ya ga ganyen da idonsa kafin ka saya. In ba ɗaya daga cikin waɗannan, ka tara takinka tun yanzu ya fara ruɓa, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kuma ka fita da lema ka tsaya a lungun ka ga inda yake bi, ka sa alama da turaku. Inda ya bushe da wuri nan komin zai zauna.